Bishiya Ta Goma Sha Bakwai

Zuwa ga Yaya,

Sallama irin ta wanda ya daɗe bai taka ƙofar gida ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki durƙusa min a gaban Inna ki gaishe ta, ki tambaye ta gwiwar, ko man da na aiko ya yi wani abu ko shi ma sunansa ne kawai magani. Ni dai ga ni nan. Bayan nan nawa mai ciwo yana yadda kika san shi, kullum da safe sai na lallashe shi kafin ya yarda mu tashi tare.

Kin yi min faɗa a kan waya. Yaya, wayar ta kamfani ce, kuma mu huɗu ne a ɗaki. Abin da na faɗa da safe, kafin in ɗaura takalmi ya riga ni isa ofis. Shi ya sa in kin kira ba kya jin komai sai "lafiya lau". Ki bar ni da takardata. Gobe-da-safe, direban nan da ke zuwa wajenku, ya ce ba ya gajiya da ɗauka, ko da yake kin san ba a banza aka sa masa sunan ba.

Inna ta ce tana son hotona a wurin aiki. Ga littafin tallan kamfaninmu na sa a ciki. Ki buɗe shafi na tara. Wancan mai hular kwano, riƙe da butar ban-ruwa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, ni ne. Sau goma sha ɗaya aka ɗauka kafin haƙorana su gamsar da mai hoto. Butar kuma babu ruwa a ciki, wai in da ruwa kafaɗata tana karkacewa.

Kin tambaya me muke yi takamaimai. Kamfanin yana sayen wuraren da suka mutu, tsohuwar masana'anta ko unguwar da ta ruɓe, ya rushe, ya gina sabbin gidaje waɗanda ya ce ba sa cutar da ƙasa. "Raya wuri" suke kiran abin. Ni ina sashen shuke-shuke. Bishiyoyi arba'in ne a hannuna, kowace da lambarta a wuya kamar fursuna.

Ofishin kuwa sai kin gani. A bakin ƙofa akwai kwandunan shara uku, kore da shuɗi da rawaya: na ragowar abinci, na takarda, na roba. Ranar da na jefa ɓawon ayaba a shuɗi sai da aka kira ni aka yi min nasiha ta minti ashirin. Da yamma ina tsaye mai kwasar shara ya zo ya juye duka ukun a buhu ɗaya, ya ɗaure baki, ya ce min sannu. Watan jiya aka fito da sanarwa cewa a rage ɓarnar takarda. An buga ta sau sittin, an manna a kowace ƙofa har ta banɗaki.

Manajanmu muna kiransa Sannu-da-ƙoƙari, don abin da yake ce wa kowa ke nan ba tare da ya ɗaga ido ba. Rannan na ji ya faɗa wa injin sanyaya ruwa. A kan keke yake zuwa aiki don a gani, direbansa yana biye da shi a hankali da mota, saboda jakarsa. Duk Litinin akwai taron "mu iyali ɗaya ne", a tsaya a da'ira kowa ya faɗi alherin da ya yi wa duniya a makon. Dogo, mai tuƙa motar ƙugiya, ya ce shi ranar Alhamis bai samu abin ci ba, ya rage wa duniya nauyi. Aka tafa masa.

Amma kada in ci haƙƙinsu. Gidajen kam masu kyau ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Bango da kauri, ɗaki da sanyi ko da rana tsaka, farantan sola a kan rufi suna aiki, ruwan sama yana taruwa a tanki maimakon ya cika titi. Akwai wata injiniya, 'yar ƙanƙanuwa da ita, da ta sa aka rushe bango sau biyu don an yi ha'inci a siminti. Ita kaɗai nake gaisarwa da zuciya ɗaya.

Sauran sai mun haɗu. Akwai abin da takarda ba ta ɗauka, balle wadda za a karanta wa Inna. Makon jiya mun loda kaya masu nauyi a tirela za a kai wani aiki mai nisa, shi ya tayar min da ciwon bayan.

Ki gaya min ko mangwaron Baba ya yi fure bana. Ki ce wa maigidanki ya duba bangon baya kafin ruwa ya sauka.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Takardarka ta iso bayan kwana goma sha tara, tana warin man mota. Gobe-da-safe ya ce ƙarƙashin kujera ta shige. Muna lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, ta ce man ne, amma ni na san hotonka ne. Ta sa littafin a ƙarƙashin matashi, duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ga shafi na tara, har mai karanta mitar wuta. Mangwaro ya yi fure, ya zubar, ya ɗaura 'ya'ya. Bangon baya kuwa maigidana ya duba, ya ce ba dubawa yake so ba, addu'a yake so.

To, ka gyara zama. Kamfaninku ya zo garinmu.

Ka tuna tsohuwar masaƙa ta bayan layinmu, inda Baba ya yi shekara ashirin da shida? Sun share gefe ɗaya sun gina gidaje shida a jere, wai na gwaji, a zo a gani. Ban san naku ba ne sai da na ga tambarin da ke kan hularka a jikin allonsu. Ranar Talata na wuce, gaban gidajen fili ne fetal. Ranar Asabar na koma na tarar da manyan bishiyoyi a jere hagu da dama, ga inuwa, ga benci. Na ce ikon Allah, ilimi ya kai inda ya kai.

Layinmu suke so gaba ɗaya, gida talatin da huɗu. Kowa ya ba da nasa a ba shi sabo a cikin masaƙar, su kuma su rushe namu su ci gaba da gini. An yi taro a makarantar yara. Mutane sun tsorata. Mai wanki ya ce shi ba ya yarda da wanda ya zo masa da murmushi a fuska da biro a hannu. Ana ta ja-in-ja sai maigidana ya miƙe da takardarka. Kada ka damu, bai karanta zancen shara da keke ba. Layi ɗaya ya karanta: "Gidajen kam masu kyau ne, ba zan yi musu ƙarya ba." Ya ce, jama'a, kun dai san wanda ya rubuta wannan.

Sai tsohuwar nan mai gawayi ta ce, "Auta? Wanda tun yana goye bai taɓa cewa abu ya yi daɗi ba? In shi ya yaba, ku miƙo min biron." Aka kwashe da dariya. A ranar gida ashirin suka rubuta suna cewa suna so, sauran suka biyo baya cikin mako.

Ka ga, yau baƙin halinka ya yi rana.

Sa hannu na gaske ƙarshen watan gobe ne. Gidan Baba da sunanmu mu biyu yake, don haka ga takardar wakilci, ka sa hannu ka dawo min da ita in sa mana. Ga kuma hoto. Inna ce a kan benci a sabon titin, ƙarƙashin bishiyar da ta zaɓa. Ta ce gidan da ke kallon bishiyar take so, in za ta bar inuwa ta samu inuwa. Na tambayi ma'aikacinsu ko za a bar mana mangwaron a tsaye, ya ce za a duba.

Ka riƙa shafa wa bayan nan wani abu, ka daina jira ya ji kunyarka.

Yayarka

*

Yaya,

Na gode wa Allah da kuna lafiya. Ni kwana biyu ke nan abinci ba ya wuce min. Wannan kada ki karanta wa Inna. Ki shiga ɗakin ɗinkinki ki tura ƙofa.

Hoton yana gabana. Inna ta rame, amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Bishiyar da take zaune a ƙarƙashinta, a gefen hagu, daidai kafaɗar mutum, akwai dogon tabo da aka shafe da baƙin fenti. Ni na shafa fentin. Dogo ne ya goge ta da ƙugiya bara, muka rufe don kada a gani. Lamba goma sha bakwai ce. Ni na loda ta a tirela, ita da 'yan'uwanta talatin da tara, ranar da bayana ya tashi. Ba a gaya mana inda za su ba, ba a taɓa gaya mana ba. Ashe ƙofar uwata na aika su.

Yaya, ba a dashe suke ba. Kowace tana cikin tukunyar roba, babba kamar rabin duro. A haƙa rami a zura ta da tukunyarta, a rufe bakin da dusar katako, a shimfiɗa ciyawa a kewaye kamar kafet. Mai hoto ya zo. Masu ba da lambar yabo su zo da takardunsu su ƙirga inuwa. Masu neman gida su zo da iyalansu su zauna a benci. In an gama sa hannu, wata safiya sai tirela. A cike ramukan, a zuba kwalta, a ja farin layi, wurin ajiye motoci ya samu. In mutane sun yi magana a ce bishiyoyin sun kamu da cuta an kai su jinya, za a kawo wasu. Sai a kawo tsirrai goma masu kaurin tsinken tsintsiya a soka a gefe, rana ta cinye su kafin wata ya mutu.

Goma sha bakwai ta yi unguwa biyar a hannuna. Taku ce ta shida. A bangon ofishinmu akwai lambar yabo ta dasa bishiya ɗari biyu. Arba'in ɗin nan ne sau biyar.

Kin san ainihin aikina? Bishiya ba ta san talla ba. In ta ji ƙasa a ƙarƙashinta sai ta zuro saiwa ta hudojin gindin tukunya tana neman kamawa. In ta kama kuwa ba ta ɗaguwa sai dai a kashe ta. Don haka duk sati biyu sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya, a murɗa tukunya, a ɗaga, in sa almakashi in datse duk saiwar da ta leƙo. Shekara huɗu ke nan. Ɗan mutumin da ya dasa mangwaro da hannunsa, ya yi ta ɗauko masa ruwa a bokiti daga famfon masaƙa bayan ya tashi daga aiki, yau sana'arsa hana bishiya kama ƙasa. A katin da nake ratayawa a wuya an rubuta "jami'in raya tsirrai". Akwai mutum biyu da aka tura can wajenku tare da bishiyoyin. Ki duba ranar Laraba da sassafe, za ki gan su kamar masu gyaran ciyawa.

Na taɓa magana sau ɗaya, a taron Litinin. Sannu-da-ƙoƙari ya ce ai wannan ita ce dabarar amfani da abu ɗaya sau da yawa, ita ce zuciyar aikinmu, ƙin ɓarna. Aka tafa. Ya ce min sannu da ƙoƙari. Bayan taro aka tuna min da takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni, cewa abin da ido ya gani a nan, a nan zai mutu. Injiniya ta same ni a bayan sito ta ce ita ma ta rubuta sau uku, aka ce mata bango aka ɗauke ta ta duba, ba ganye ba. Daga ranar na rufe bakina, na ci gaba da wasa almakashina. Ba zan ce tilasta ni aka yi ba. Na saba ne, kamar yadda mai kwasar bola yake daina jin wari.

Abin da ya fi ci min rai shi ne layin nan da aka karanta. Ban yi ƙarya ba, kuma ba zan janye ba. Gidajen masu kyau ne. Inna za ta yi barci a ciki ba ta jiƙe da gumi ba, ruwa ba zai zuba mata a kai ba, babu matakala da za ta wahalar da gwiwarta in kin zaɓi na ƙasa. Amma rabin magana na ba ku, maigidanki ya raba rabin biyu ya karanta wa gida talatin da huɗu. Shekara arba'in da shida ina ƙin yabon abu, ranar da na yaba sau ɗaya aka yi talla da ni kyauta. Ban ga laifinsa sosai ba. Nawa na gani.

Zancen mangwaro kuma, "za a duba" a bakinmu yana nufin an riga an duba. Ban taɓa ganin sun bar tsohuwar bishiya ba, wai saiwarta tana shiga bututu.

Ga takardar wakilci na dawo da ita fara. Ba cewa na yi kada a yi ba. Cewa na yi ki je da ƙafarki, ki durƙusa a gindin goma sha bakwai kamar kina gyara takalmi, ki tura hannu cikin dusar katakon, zurfin yatsa ɗaya. Sannan ki buɗe yarjejeniyar da za ku sa wa hannu ki nemo min kalmar "bishiya". In kin same ta ko sau ɗaya, ki aiko in sa hannu da hannu biyu.

In takardar nan ta faɗa hannun wani, aikina ya ƙare. Ki san inda za ki ajiye ta, kuma ba a aljihun maigidanki ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Lafiya dai? Ina gaida kowa. Yau kwana ashirin da shida, shiru. Gobe-da-safe ya rantse ya ba ki hannu da hannu. Na ari wayar mai gadi na kira, Inna ta ɗauka, ta yi ta ba ni labarin labulen da za ki ɗinka mata na sabon ɗaki, ni kuma ina ta cewa madalla. Da kika karɓa kika ce "na gani, ina da aiki", kika kashe. Na san wannan muryar. Ita kika yi min ranar da na ɗauki jaka na bar ki da jinyar Baba.

In fushi kike don na tsaya tsakanin Inna da ɗaki mai sanyi, ki faɗa. In kuma an samu hanyar sa hannu ba da ni ba, shi ma ki faɗa.

Jiya aka manna jadawali. Tirela za ta taso ɗauko bishiyoyin ranar goma ga wata mai zuwa, akwai wata unguwar da ke jiran inuwa. An sa sunana cikin masu rakiya. Shekara uku ban zo gida ba, ga shi kamfani zai kawo ni kyauta in kwashe inuwar uwata.

Ki rubuto, ko layi biyu ne, ko zagi ne.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, sai dai bangon baya ya faɗi a ruwa na biyu, ya tafi da rabin ɗakin Inna. Allah ya sa tana waje. Yanzu a ɗakin ɗinkina take kwana, tsakanin keke da buhunan yadi. Shi ya sa ba ka ji ni ba. Kuma e, na yi fushi. Kai kana can kana ƙyamar hannunka, mu muna nan muna jera kwanoni a ƙarƙashin yoyo. Sai mai wurin kwana yake da lokacin ƙyama.

Amma na je. Na durƙusa. Yatsa ɗaya ka ce, rabi ma ya isa. Na taɓa bakin roba, na zauna a wurin kamar wadda aka mara. Na dawo na karanta yarjejeniyar, shafi goma sha huɗu, sau biyu, da tabarau. Akwai "kewaye mai daɗin zama". Babu bishiya.

Na yi ta juya takardarka har na haddace ta, sai na ga inda ka ɓoye mana dabara: in ta kama ba ta ɗaguwa. Na ce, Auta ke nan, har ya tsufa bai iya faɗin abu kai tsaye ba.

Ban nuna wa kowa takardar ba. Mai gawayi na ja na kai gindin bishiyar na ce ta taɓa. Ta taɓa, ta faɗi abin da ba zan rubuta ba. Kafin la'asar duk layi ya taɓa. Mai wanki yana ta yawo yana cewa, ban faɗa ba, ban faɗa ba, har sai da matarsa ta ce ya je ya faɗa wa guga.

Ranar Laraba muka tari mutanenku biyu. Mai gawayi ta ce, "'Ya'yana, me kuke yanka a ƙasan nan?" Suka dubi juna. Babban ya ce, "Mama, mu ciyawa aka rubuta mana, ba gadi ba. Kuma bayana ciwo yake." Ina jin ciwon baya gadon kamfaninku ne. Suka koma benci suka zauna.

Ranar Lahadi, da rana tsaka, ba a ɓoye ba, muka fito da fartanya da shebur. Maigidana, da kunyar abin da ya karanta ta hana shi sakat, shi ya ɗauko injin yanka daga garejinsa. A tone gefe, a tsaga robar gida huɗu, a zare, a mayar da ƙasa da taki. Kwana uku muka yi. Saiwoyin, Auta, sun nannaɗe kamar zaren da ya cukurkuɗe a cikin keke. Na goma sha bakwai da hannuna na warware su, na ga duk inda almakashinka ya bi. Biyu sun yi yaushi, ba na jin za su tashi. Talatin da takwas sun fito da sabon ganye. Robobin mun tara su a ƙofar ofishinsu, su kaɗai, ba mu haɗa da wata shara ba, tunda ka ce suna son a ware.

Shugabansu na nan garin ya zo yana kumfar baki, wai ɓarna, wai 'yan sanda. Mai gawayi ta ce ya kira su, ta ga sashen dokar da ya hana dasa bishiya. Bayan kwana huɗu sai ga injiniyarka, daga ganin tsawonta na gane ta. Ta tona gindin uku ta duba, ta ce in aka ɗaga su yanzu sai dai a yi itacen girki. Muka ce babu mai sa hannu sai an rubuta bishiya talatin da takwas a yarjejeniya, kowace da lambarta. Sati biyu suna "za a duba". Jiya aka kawo, an ƙara shafi na goma sha biyar. Na ga kalmar da ka ce in nemo, sau uku.

Mangwaro ba ya ciki. Na yi iya yina. Injiniya ta shimfiɗa min zanen a kan teburin yankana, ta nuna min babban bututun ruwa, ta gindinsa zai bi. Ta ce ba za ta ce min za a duba ba. Na gaya wa Inna. Sai ta ce, "Wanda ya dasa shi ma an ɗauke shi." Ta sa a tsinke na bana duka a raba wa layi. Na farkon da ya faɗo na ajiye ƙwallonsa a gwangwanin madara, ya tsiro, ganye huɗu.

Ga takardar wakilci. Hannu biyu ka ce.

Yayarka

*

Yaya,

Allah ya ƙara tsarewa. Ki gaida Inna, ki ce mata na ji zancen bango, na ji zancen mangwaro. Ga takardar. Hannu ɗaya na sa, ɗayan yana riƙe da baya.

Ban ɓoye muku dabara ba, wallahi. Kuka nake yi kika ji shi umarni. Shekara huɗu ina da maganar a bakina da almakashi a hannuna, ban taɓa tunanin abin da kika yi cikin kwana uku ba. Wannan ma na haɗiye shi tare da sauran.

An soke tafiyar tirela. Ranar Litinin aka ce manaja yana nemana. Na haɗa kayana a jaka tun safe, na yi sallama da Dogo, ya ce in na samu wuri in tuna da shi. Na shiga na tarar da Sannu-da-ƙoƙari tare da mai hoto. A kan allo ga hoton mutanen layinmu: ke da shebur, mai gawayi da fartanya, maigidanki a durƙushe. Ɗaya daga cikin mutanen Laraba ne ya ɗauka. A ƙasa an rubuta, "Jama'a da kamfani sun dasa gobensu tare." Zai fito a littafin bana, shafi na farko, an kuma tura wa masu lambar yabo. Ya ce ya ji unguwarmu ce, ashe son ƙasa a jininmu yake. Aka miƙo min takardar yabo a cikin firam, gwarzon wata. Sau bakwai aka ɗauka kafin haƙorana su fito.

Bai tambaye ni komai ba. Ina jin ya sani, ina jin kuma bai dame shi ba. Na fita na wanke hannu sau biyu. Injiniya kuwa an mayar da ita ɗakin ajiye tsofaffin takardu, wai ta huta. Na kai mata gaisuwarki. Ta ce in gaya miki talatin da takwas ɗin nan su ne abu mafi kauri da ta taɓa sa wa hannu.

Ranar Alhamis sabbi arba'in suka iso. An ba ni lambobi in rataya musu. Tukwanen yanzu na ƙarfe ne, murɗawa kuma duk sati. Ban ajiye aikin ba, kada ki tambaye ni. Na dai fara tambayar Gobe-da-safe ko ya san masu neman mai ban-ruwa na gaske, ya ce zai gaya min gobe da safe.

Na nemi hutun kwana biyar, zan zo ranar kwashe kaya. Ki roƙi masu sare mangwaron su jira ni. Ba hana su zan yi ba. So nake in riƙe igiyar, don ya faɗi ta gefen da ba zai danne famfo ba.

Tsiron nan na gwangwani. Kada ki bari ya ƙara wata a ciki, saiwa tana fara nannaɗewa tun ido bai gani ba. Ki nemi wuri a bayan sabon gidan, taku goma daga bututu, ki haƙa rami zurfin gwiwar hannu. Kada ki zaro shi, ki tsaga gwangwanin ki zare. Shi kuma gwangwanin ki jefa a duk kwandon da kika ga dama.

Ƙaninki,
Auta